Ƙaramin kicin a gidan haya na Jidda da Makka: alminiyam, katakon haɗawa ko na haraji (kasuwar gwanjo)?

A Saudiyya sau da yawa idan ka karɓi makullin shuƙƙa, wato gidan haya na bene, za ka tarar da kicin fayau: tayil a bango, bakin famfo biyu, magudanar ruwa a ƙasa, soket uku ko huɗu, shi ke nan. Mai haya ne ke sa kabad ɗinsa, ranar tashi kuma ya kwance abinsa. Iyalai da yawa sun gamu da wannan bayan rusau ɗin da aka yi a unguwannin Jidda irin su Gulail da Karantina da Sabil daga ƙarshen 2021 zuwa 2022, inda aka baro gidaje masu tsakar gida aka koma benaye. Kicin ɗin irin waɗannan gidaje galibi bai wuce mita 2 da mita 2.5 ba, kuma a cikinsa ake so a tuƙa tuwo, a soya manja, a dafa shinkafar baƙi, a ajiye buhu da tukunyar gas.

Kafin a je kallon launin ƙofofi, tambayoyi biyu ne ke yanke hukunci. Ana kwara ruwa a ƙasan kicin idan za a wanke shi? Shekara nawa kuke sa ran zama a gidan? Duk abin da za mu faɗa a ƙasa a kan waɗannan biyu ya rataya. Sai kuma abu na uku da ba zaɓi ba ne: duk aikin da zai taɓa tayil, bututu ko waya, a nemi izinin mai gida a rubuce, ko da ta saƙon waya ne, domin yarjejeniyar hayar da aka yi rajista a Ejar, dandalin gwamnati na rajistar haya, ita za a duba ranar da za a miƙa makulli.

Awo tukuna

A auna kowane bango sau uku: kusa da ƙasa, a tsayin santimita 90, da a tsayin mita 2. Mafi ƙanƙanta a cikin ukun shi ne awonka na gaskiya, saboda bangon bulo da aka yi wa filasta da wuya ya miƙe, kuma bambancin santimita 2 ya isa ya hana kabad na ƙarshe shiga. A zana a takarda inda bakin famfo yake, da bakin bututun ƙazamin ruwa, da kowane soket, da ƙasan taga, da gefen da ƙofa take buɗewa. A auna firij har da hannun ƙofarsa, a ƙara masa santimita 5 a baya da gefe don iska.

Kabad na ƙasa zurfinsa santimita 60 ne. Hanyar tsayuwa kada ta gaza 90, idan kuma kabad za su fuskanci juna, 120 ake so. Lissafi ya nuna ke nan kicin mai faɗin mita 2 ba ya ɗaukar layi biyu cikakku: 60 da 60 sun bar maka 80 kacal, ƙofar firij ma ba za ta buɗu da daɗi ba. Abin da ya dace da shi layi ɗaya ne a dogon bango, da siririn kabad mai zurfin 35 ko kanta a ɗayan. Tsarin kusurwa yana da kyau a ido, amma kusurwar tana cin wuri mai kimanin 90 da 90 wanda rabinsa hannu ba ya kaiwa. Mu dai a kicin da bai kai mita murabba'i 6 ba, layi ɗaya muke ba da shawara, sai dai idan sinki da murhu ba za su sami aƙalla santimita 60 na wurin aiki a tsakaninsu ba.

Alminiyam na warsha (shagon masu ƙira)

Shi ne ya fi yawa a gidajen Jidda, kuma da dalili. Ba ya kumbura, ba ya tsatsa, gara ba ta cinsa, kuma damshin bakin teku bai dame shi ba. Idan uwargida tana wanke kicin da bokiti da abin jan ruwa, kamar yadda aka saba a nan, to kabad na ƙasa alminiyam ya kamata su zama, ba ma sai an tsawaita magana ba. Fa'idarsa ta biyu ita ce ana yanka shi daidai da bangonka. Bango mai santimita 238 zai sami kabad na 236, babu wurin da ya tafi a banza. Ta uku, mai warsha zai iya sauke ɓangaren murhu ƙasa da sauran, abin da za mu dawo kansa.

Amma ba duk alminiyam ne ɗaya ba. Akwai mai ƙofofin saj, wato fallen alminiyam zalla, akwai kiladin, wanda fallaye biyu ne sirara da roba a tsakiya, akwai kuma mai firam na alminiyam da fuskar fomaika. Saj ya fi jure zafi amma yana loɓawa idan aka buge shi, kuma yana ƙara. Kiladin ya fi santsi da kyan gani, sai dai robar cikinsa ba ta son wuta, don haka kada gefensa ya matso harshen murhu. Inda ake cutar mai saye shi ne kaurin firam da ingancin maratayan ƙofa. Firam mai siriri ba ya riƙe sukuru: bayan wata shida na buɗewa da rufewa ramin ya yi faɗi, ƙofa ta sunkuyo. Ka nemi a yanko maka guntun firam ɗin da za a yi aikinka da shi, ka riƙe shi a gida, ranar da aka kawo kaya ka gwada. Maratayai da layin durowa kuwa ƙarfe ne ba alminiyam ba, su ne ke fara tsatsa a ƙarƙashin sinki, saboda haka a rubuta a takarda cewa na ƙarfe marar tsatsa za a sa. Wani abin da mutane ba sa lura da shi: firam ɗin rami ne a ciki, kuma duk bakin da aka bari a buɗe gidan kyankyaso ne. A toshe su da murfin roba ko silikon kafin a jingina kabad da bango.

Ana sayar da shi da mita, kuma a kan mitar ake rigima. Ka tambaya dalla-dalla: mitar ta haɗa sama da ƙasa ne ko kowanne da kuɗinsa? Saman tebur yana ciki? Sinki da famfo da hannayen ƙofa fa? Kusurwa sau ɗaya ake ƙirga ta ko ta kowane bango? Durowa nawa ne a cikin farashin? Dako da kafawa da harajin kaya na kashi 15 cikin ɗari suna ciki? Warsha biyu za su iya faɗa maka kuɗin mita iri ɗaya, amma jimillar ta bambanta sosai saboda waɗannan. Ga mai son yin aiki da hannunsa, rabonsa a nan shi ne awo, zane, sa ido da kafawa. Yankan firam aikin injin warsha ne.

Katakon da ake haɗawa a gida

Wannan shi ne wanda ake sayowa a kwali daga manyan shaguna irin su IKEA, ko a sa kafinta ya yanka maka allunan MDF ko na matsattsen garin katako mai rufin melamin, kauri milimita 18. Shi ne ya fi dacewa da mai yi da kansa: sukundireba, guduma, lebur da injin huda bango sun isa, kuma mutum biyu za su haɗa kicin na mita 2.4 a hutun Juma'a da Asabar. Cikinsa ya fi amfani da wuri, durowoyinsa suna fitowa har ƙarshe, kuma idan ƙofa ɗaya ta lalace ana samun irinta. A ƙaramin kicin durowa mai zurfi ta fi kabad mai ƙofa nesa ba kusa ba, domin tukunyar da ke can baya ba sai an durƙusa an fitar da na gaba ba.

Matsalarsa biyu ce. Ta farko faɗinsa ƙayyadadde ne, yawanci 20, 40, 60 da 80. A bangon nan mai santimita 238, sinki 80 da durowa 60 da murhu 60 sun kai 200, ka ƙara na 20 ya zama 220, saura 18 da ba ta da kabad. Ko dai ka rufe ta da allo, ko ka bar ta wurin zura tire da faranti. Ta biyu, kuma ita ce babba, ruwa. Allon garin katako gam ne ya riƙe shi, kuma duk inda rufin ya tsage ko aka yanka aka bar bakin tsirara, yana shan ruwa ya kumbura, ba ya kuma komawa. Wurare uku ne yake fara mutuwa: ƙasan kabad ɗin sinki, allon da ke rufe ƙafafu, da gefen ramin da aka yanka wa sinki. Ana iya kare shi. A tsayar da shi a kan ƙafafun roba masu tsayin santimita 8 zuwa 10 yadda katako ba zai taɓa tayil ba, allon rufe ƙafa ya zama na roba ko alminiyam, a shafe duk bakin yanka da silikon, a shimfiɗa tiren roba a ƙarƙashin sinki. Ko da haka, gidan da ake malale ƙasa da ruwa kowace rana zai gajiyar da shi. A Makka da Madina da Riyad, inda iska ta fi bushewa, yana daɗewa fiye da Jidda, muddin goge ƙasa ake yi da tsumma. Idan kafinta ne zai yi maka, filawud mai jure ruwa ya fi MDF da garin katako ga kabad ɗin sinki, ko da shi kaɗai ne za a yi da shi.

Wajen tashi ma ya fi rauni. Sukurun da aka kwance daga garin katako aka sake ɗaurawa ba ya kamawa kamar da. Ƙaura ɗaya yana jurewa idan aka ɗauki kowane kabad a haɗe, ta biyu sai an yi ta ciko.

Na hannu daga haraji

A kasuwar Sawarik da ke kudancin Jidda, da Harajin Bin Ƙasim a Riyad, da manhajar Haraj, kullum akwai kicin ɗin waɗanda suka tashi. Wanda bai tabbatar zai wuce shekara biyu a gida ba, nan ya kamata ya fara dubawa. Sharaɗin shi ne alminiyam za ka saya, kada katako, kuma wanda ya fi bangonka tsawo, domin ragewa a warsha abu ne mai sauƙi, ƙari kuwa da wuya a sami launi iri ɗaya. Ka tafi da tef ɗin awo da zanenka. Ka buɗe kowace ƙofa, ka ja kowace durowa, ka haska fitilar waya cikin kusurwoyi don ƙwan kyankyaso. Saman dutsen da ya zo da shi kada ka sa shi a lissafi, ramin sinkinsa da wuya ya faɗo daidai da bututunka, kuma a wajen ramin yake karyewa a cikin mota. Ka tara kuɗin saye da na dabbab ko dina (motocin dako) da na gyaran warsha da na sabon saman tebur, sannan ka gwada da sabo. Wani lokaci araha ba ta ado. Kafin kayan su shiga gida a wanke su da ruwan zafi da sabulu a waje, su bushe a rana.

Akwai hanya ta huɗu, ginin bulo ko tsayuwar dutse da ƙofofin alminiyam a gaba. Yana da ƙarko, amma na mai gidan kansa ne, ba ya tafiya da kai, kuma ginshiƙai huɗu na bulo mai santimita 10 sun cinye 40 daga bangon da bai kai mita biyu da rabi ba.

Idan aka haɗa duka, abin da muka fi yarda da shi ga yawancin gidajenmu shi ne gauraye: alminiyam a ƙasa inda ruwa yake, a sama kuwa abin da aljihu ya iya, ko katako ko ma kanta buɗaɗɗiya. Kabad na sama su kai har kusa da rufi, don manyan tukwane da kulolin da ba a saukewa sai lokacin Hajji ko azumi.

Saman tebur

Abin da ake kira ruham a shago iri uku ne, kuma sunan ɗaya yana ruɗar mutane. Marmara na gaske yana da laushi, ruwan lemon tsami da tsamiya da tumatir suna cin fuskarsa, manja kuma yana shiga ya bar tabo. Bai dace da girkinmu ba. Giranit ya fi shi tauri, yana ɗaukar tukunya mai zafi, kuma mai duhu ba ya nuna tabo. Nauyinsa ne abin lura: mai kaurin santimita 2 yana kai kimanin kilo 54 a kowace mita murabba'i, wato tebur na 240 da 60 ya doshi kilo 78. Firam mai rauni ba zai ɗauka ba, kuma a tsaye a kan gefensa ake ɗaukarsa, ba a kwance ba. Na uku shi ne ruham sina'i, na roba da garin ma'adini. Ba shi da gaɓa, yana da sauƙin gogewa, ana iya goge karce da injin, amma tukunyar da aka sauke daga wuta kai tsaye tana ƙona shi ko ta tsaga shi. Ko wanne aka zaɓa, ba a daka a kansa. Turmi a ƙasa, a kan ninkakken tsumma saboda maƙwabtan ƙasa.

Kada ka yanka dutse a cikin gida. Ƙurarsa tana lahanta huhu, kuma kuskure ɗaya ya ɓata allon gaba ɗaya. Bayan kabad sun zauna, mai dutse ya zo ya auna da kansa. Sinki a ɗauki kwano ɗaya mai faɗi da zurfin santimita 20 ko fiye, na ƙarfe lamba 304, maimakon ƙananan kwanuka biyu da tukunyar tuwo ba ta shiga ko ɗaya.

Murhu: gas ko lantarki

A nan ne tsarin da aka kwafo daga hotuna yake kasawa. Tebur na yau da kullum tsayinsa santimita 88 zuwa 90 ne. Ka ɗora murhun tebur mai tsayin 10 zuwa 12, ka ɗora tukunya mai 25, bakin tukunya ya haura santimita 120. Mace mai matsakaicin tsayi ba za ta tuƙa tuwo a haka ba sai da ɗaga kafaɗa, kuma tukunyar tana iya zamewa ta zubo mata. Maganin shi ne a sauke ɓangaren murhu zuwa kimanin 75. Murhun da ake nutsarwa cikin tebur ya rage matsalar, amma a ɗauki mai fuskar ƙarfe da matattarar tukunya mai kauri. Mai fuskar gilashi yana fashewa idan babbar tukunya ta rufe shi ta mayar masa da zafi, ko muciya ta sa tukunya ta riƙa dukansa.

Tukunyar gas ta gida, mai kilo 11, tana buƙatar kabad mai faɗin 40. Gas ɗin ya fi iska nauyi, idan ya yi yoyo ƙasa yake kwantawa, don haka ƙofar kabad ɗin ta zama mai ramuka a ƙasa, kada a sa soket a ciki, kada kuma ya jingina da tanda. Tiyo ya zama gajere, kada ya wuce mita ɗaya da rabi, da maɗauri a kowane baki. Duk lokacin da aka canja tukunya a gwada da kumfar sabulu, ba da ashana ba. Na'urar jin warin gas kusa da ƙasa ake kafa ta. Lambar gaggawa a Jidda da Makka 911 ce, ta Difa'ul Madani, wato 'yan kwana-kwana, kuwa 998 ce.

Murhun lantarki mai aiki da maganaɗisu ba ya zafafa ɗaki, abin da ke da daraja a zafin Makka, kuma yana 'yantar da kabad ɗin gas. Sai dai tukwanen dalma da aka zo da su daga gida ba sa aiki a kansa, sai wadda maganaɗisu ya kama gindinta. Mai kai huɗu yana jan kusan wat 7,000, yana son layinsa na kansa da waya mai milimita murabba'i 6 da makatsin wuta na amfiya 32, aikin ma'aikacin lantarki ne. Mai kai ɗaya na wat 2,000 soket na amfiya 13 ya ishe shi, muddin ba a haɗa shi da butar lantarki a jona ɗaya ba. Tun 2010 ƙasar ta fara komawa bolt 230, amma tsofaffin benaye har yanzu suna da soket na 127 gefe da gefe da na 220, don haka a gwada kowanne a rubuta a kansa. Ga yawancin gidaje, gas mai kai biyu ko uku da ƙaramin na lantarki ɗaya a gefe sun wadatar.

Hayaƙin manja kuwa sai an fitar da shi waje. Shaffaɗ (na'urar zuƙe hayaƙi) mai gawayi da ke mayar da iska ɗaki ba ya kwashe tururi. A sa mai bututu zuwa waje, santimita 75 sama da murhun gas, ko fankar bango mai faɗin santimita 25 idan babu hanyar bututu.

Jerin aiki da inda ake kuskure

Sabbak (mai aikin famfo) da mai lantarki su gama nasu kafin kabad ya shigo. Bututun ƙazamin ruwa ya sami gangara ta santimita 2 a kowace mita, da lanƙwasar da ke riƙe ruwa don hana wari, kuma kowane bakin famfo ya sami makullinsa a inda hannu zai kai. Ƙasan kicin a nan karkace yake zuwa magudana, saboda haka ba a bin tayil wajen daidaitawa. A nemo wurin da ya fi tudu, daga nan a auna tsayin kabad, a ja layi da lebur a bango, ƙafafu su cike bambancin. Magudanar kanta kada a rufe ta da kabad.

A fara da kabad na sama tun ƙasa tana fili, a bar santimita 55 zuwa 60 tsakaninsu da tebur. Bututun ruwa da wayoyi suna bin bango a miƙe daga famfo, soket da hita, sama ko gefe, kada a huda a kan waɗannan layuka. A manna tef a kan tayil, a huda da bakin tayil ba tare da kunna bugun injin ba, sai an wuce tayil a canja baki. Tayil da filasta sun ci kusan santimita 3, kuma bulon rami ne a ciki, don haka sukuru mai santimita 8 da roba mai milimita 8 ko 10 irin ta bango mai rami ake so. Gajeren sukuru da ya tsaya a filasta shi ne ke sakin kabad cike da tangaran. Daga nan a jera na ƙasa, a ɗaure su da juna kafin a ɗaure su da bango.

Silikon mai warin binega yana ɓata dutse kuma yana taɓa ƙarfe, a sayi marar wannan warin, mai maganin baƙin damshi. A bi gefen sinki da inda tebur ya haɗu da bango, a bar shi awa 24 ba ruwa. Washegari a toshe sinki a cika shi, a shimfiɗa busasshiyar takarda a ƙarƙashi, a saki ruwan gaba ɗaya. Idan takardar ta jiƙe, a ƙara ɗaure gaɓar ko a canja robarta kafin a zuba kaya a kabad ɗin.